Yadda Aljanu Suka Koyi Boko a Zariya

Kafin zuwan injin buga littafi, abin tsoro a ƙasar Hausa yana da lokacinsa, yana da wurinsa. Lokacinsa bayan sallar lisha, wurinsa ɗakin tsohuwa, ko tsakar gida in ana farin wata. A ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa, sai Dodo ya fito daga kogi yana neman yarinyar da aka yi masa alkawari, ko 'yar bora ta kama hanyar zuwa wanko tabarma a ruwan da babu wanda ya san inda yake. Har doka gare shi: ba a tatsuniya da rana, wai mai yi zai ɓata. Da an ce ƙurunƙus an rufe ƙofa ke nan, Dodo ya koma ruwa, kowa ya nemi makwanci. A ƙarni na 20 ne aka ciro waɗannan halittu daga bakin kaka aka zuba su a takarda, daga takarda kuma suka shiga akwatin talabijin. Mafi yawan wannan aiki a Zariya aka yi shi. Mu da muka tashi a Samaru da Sabon Gari daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, wutsiyar abin muka riska, kuma ita muke ta bege a yau.

Labarin ya faro ne daga wani ofishi na gwamnatin mulkin mallaka. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya, aka kuma mayar da ita Hukumar Talifi a 1933. Matsalar da ke gaban shugabanta, Rupert East, ita ce an koya wa 'yan makaranta haɗa baƙi da wasali na boko, amma babu abin da za su karanta don marmari. Wanda ya iya karatu bai sami abin karantawa ba kuwa, karatun zurarewa yake yi kamar ruwa a kwando. Sai East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon masu ilimi su rubuta ƙagaggun labarai. Bai same su da sauƙi ba, domin a wajen malamin wancan zamani alƙalami na ilimi ne da wa'azi, ƙaga labari kuwa hirar mata da yara ce.

Gasar da aka shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida, mutumin Wusasa, tare da East ɗin. Abin lura shi ne uku daga cikin biyar ɗin ba su tsayu ba sai da suka jingina da ɓoyayyar duniya. Alhaji Imam bai ɗebo ruwan da ya fita nema ba sai da taimakon aljanu. Ganɗoki ya fara da yaƙi da Turawa, abin da masu karatu na lokacin suka ji daga bakin iyayensu, sannan ya zarce ƙasashen da mutum ba ya zuwa da ƙafa. Shi kuwa Abubakar na Jiki Magayi, da mai kuɗi ya ƙwace masa Zainab, daji ya shiga neman asirin da zai lalata ɗan da za ta haifa. An ce da malamai su ƙaga labari, sai hannunsu ya kai ga abin da suka ji a ɗakin kaka da abin da suka karanta a littattafan Larabci. Ta nan aljanu suka shiga aji.

A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Katsina, inda yake koyarwa, aka kawo shi Zariya, aka tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, da aka buga tsakanin 1937 da 1939. Duk wanda ya karanta na ɗaya ya san dabarar da ke riƙe da shi. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, Musa yana son fita daga fada, aku kuma yana tsare shi da labari har gari ya waye. Labari a nan katanga ce tsakanin yaro da mutuwa. Wannan dabara ta aku mai hana fita da dare tsohuwa ce a adabin Indiya da Farisa. Sarkin Busa, wanda ya janye yaran gari da sarewarsa don an hana shi ladan aikinsa, daga Jamus ya taso. Kalala da Kalalatu ma daga tatsuniyoyin Jamusawa suke, Ƙamaruzzaman kuma daga Dare Dubu da Ɗaya. Masu bincike irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi sun bi sawun waɗannan labarai har gidajensu na asali. Amma babu yaron da ya taɓa karanta Kalala ya ji warin baƙunta a jikinsa. Imam ya tuɓe musu kayan da suka zo da su, ya sa musu riga da hula, ya ba su bakin mutanen kasuwa da na fada.

Wannan ita ce sana'ar da Zariya ta ƙware a kai shekara da shekaru: karɓar baƙon labari a yi masa wankan Hausa. An kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945, shekara shida bayan fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. Daga 1954 zuwa 1959 hukumar NORLA ta yi ta buga ƙananan littattafai masu araha don ciyar da Yaƙi da Jahilci gaba, sannan a 1966 aka kafa kamfanin NNPC da haɗin gwiwar Gaskiya da Macmillan. Ta wannan hanya muka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Da yawa daga cikinmu sai da muka girma muka gane cewa Iliya jarumin almarar Rashawa ne, Sarki Waldima shi ne Vladimir, birnin Kib kuma shi ne Kiev da muke ji a labaran yaƙin Yukiren. Muka sami Sihirtaccen Gari na Ahmadu Katsina, da Da'u Fataken Dare na Tanko Zango. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Ko a gasar NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, labarin soyayyar bai ƙare ba sai da aljana ta shiga tsakani. A farkon shekarun 1970 kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littafi shida don 'yan firamare. Da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta a 1976, waɗannan littattafai suka isa hannun yaran da iyayensu ba su taɓa riƙe littafin boko ba. Dokar hana tatsuniya da rana ta faɗi ba tare da kowa ya soke ta ba, domin ga Gizo da Ƙoƙi a kan benci da ƙarfe goma na safe, malam yana tsaye da alli.

Samaru da Sabon Gari ƙaramar hukuma ɗaya ce, hanya ɗaya ta haɗa su ta Kwangila, amma kowanne da ƙofar da abin mamaki ya biyo ya shigo masa. Sabon Gari ɗan jirgin ƙasa ne. Da layin dogo ya iso Zariya a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran sassa suka zauna a gefen tasha, kowa da harshensa, kowa kuma da abin tsoronsa. Yaron Sabon Gari yakan ji labarin Doguwa da ke kan tsamiya daga bakin kakarsa, ya fita waje abokinsa Ibo ko Bayarabe ya ba shi na aljanar ruwa, ko na matar nan mai ƙwas-ƙwas da takalmi da ake cewa tana yawo a makarantun kwana cikin dare. Samaru kuwa gonar gwaji ce tun 1922, kafin Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962 ta tara malamai daga ƙasashe da dama. A gidajen ma'aikatan jami'a ne ake samun littattafan Enid Blyton, na yaran nan biyar har da karensu da ke bankaɗo asirin ɓarayi a lokacin hutu, da jerin Pacesetters da Macmillan ya fara a 1977, da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi. Littafi kuwa ba ya zama a gida ɗaya. Yakan tsallaka titi ya shiga Hayin Dogo ko Ɗanraka, ya zaga hannu goma, ya dawo ba bango ba shafin ƙarshe. Mu da yawa mun san farkon labarai da tsakiyarsu, ƙarshen kuwa sai dai wanda ya riga mu karantawa ya faɗa mana, ya ƙara gishirinsa. Ta haka littafin ma ya koma tatsuniya.

Talabijin ya zo Arewa a 1962 da tashar Kaduna, wadda ta shiga ƙarƙashin NTA da aka kafa a 1977. Zariya na kusa da Kaduna, don haka duk mai eriya a kan dogon gora yana kama ta. A shekarun 1980 tashar ta mayar da Magana Jari Ce wasan talabijin, da Hausa da kuma Turanci, cikin 'yan wasan har da Ƙasimu Yero, ɗan Zariya, wanda ya rasu a 2017. Littafin da aka rubuta a Zariya ya je Kaduna ya sami fuska da murya, ya dawo gida ta iska. Mu ƙanana maimaici muka tarar, amma bai rage mana komai ba. A 1984 aka fara Tales by Moonlight, wanda ya kwaikwayi zaman tatsuniya kansa: mace a zaune, yara sun kewaye ta, a yammacin Lahadi. Daga kudu kuma Hot Cash ya zo da Willie Willie, yaron da aka kashe don tsafin kuɗi, fatalwarsa ta dawo cikin fararen kaya tana bin waɗanda suka ci amanarsa. Yaran da ba su jin Turancin wasan sun fahimci fatalwar sarai.

In mutum ya sake kallon irin waɗannan wasanni a yau, zai yi dariyar kayan aikin. Hoda ce a fuska, da farin ƙyalle, da hayaƙi, da dabarar tsayar da kyamara a janye mutum a ci gaba da ɗauka, sai a ga ya ɓace. To me ya sa suka kama mu haka? Amsar tana cikin yadda ake kallon. Tasha ɗaya ce, ba ta buɗewa sai da yamma, shiri kuma sau ɗaya yake zuwa a mako, wanda ya rasa ya rasa. Akwatin ma ba kowane gida ba, saboda haka falo ɗaya kan ɗauki yaran layi guda, manya a kujera, yara a ƙasa, waɗanda ba su sami shiga ba suna leƙe ta taga. In NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar abu, sai a watse cikin duhu, kowa ya bi lungu zuwa gida da rabin labari a kansa, ga tsamiya a kan hanya. Kwana bakwai za a yi ana gardamar abin da zai faru. Ashe talabijin na wancan lokaci bai yi nisa da ɗakin kaka ba: yana da lokacinsa, yana da wurinsa, akwai babba a kusa, kuma akwai ƙurunƙus, wato taken ƙasa da rufe tasha. Tsoron da aka raba wa yara ashirin ba ya yi wa ɗaya nauyi. Labaran kuma duk hanya ɗaya suke bi da yaro: a tsorata shi, sannan a nuna masa cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, Waziri maci amana zai ji kunya, jinin da aka zubar ba ya kwana.

Abin da ya yanke wannan igiya kuɗi ne kafin komai. Daga 1986, da aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, takarda da tawada da kayan ɗaukar hoto, waɗanda duk daga waje ake sayo su, suka yi tsada. Gwamnatoci suka rage sayen littattafai don makarantu, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma kan littattafan jarrabawa da suka tabbata za a saya, gidajen talabijin suka fara sayar da lokacinsu ga mai biya. Giɓin da aka bari, kasuwa ta cike shi, cibiyar kuma ta tashi daga Zariya ta koma Kano. Marubuta suka riƙa buga littattafansu da kuɗinsu, mafi yawa na soyayya, ko da yake irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun riƙe layin aljanu da matsafa da sadaukai, kuma shagunan haya sun rayu da su. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya a 1990, daga baya har aka mayar da tatsuniyar Daskin da Riɗi fim. A shagunan hayar kaset na Sabon Gari, waɗannan suna jere da Living in Bondage na 1992, da Nneka the Pretty Serpent, da Karishika, da finafinan Indiya na macijiya mai rikiɗa ta zama mace. Sai dai duk wannan kaya na manya ne, yara suna kallo ne ta bayan kafaɗa. Ga kuma wa'azi da ya ƙara ƙarfi a kan duk abin da ya yi kama da tsafi ko bori, har mai shirya fim ya gwammace ya kawo aljani don malami ya ƙone shi da ruƙiyya kawai. Aljanin Imam, wanda ake hira da shi, a yi masa wayo, wani lokaci ma ya yi wa mutum alheri, ya rasa wurin zama.

Yaran yau ba su daina son abin mamaki ba. Ƙannenmu sun haddace Merlin na BBC daga faifan da ake sayarwa a bakin titi, 'ya'yanmu kuma suna kallon finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, da zanen Japan a wayar iyayensu. Ba aron ne abin damuwa ba, tun da mun ga Iliya ma aro ne. Abin da ya ɓace shi ne ɗakin da ake yi wa baƙon labari wanka, da edita mai tsayawa a kan kowace jimla, da kamfanin da zai buga dubbai ya kai su makarantar ƙauye a farashin da uba zai iya biya. Ku shiga kantin littattafai a Samaru ko kasuwar Sabon Gari ku tambayi sabon littafin labari na Hausa da aka rubuta don ɗan shekara tara. Mafi yawan abin da za a miƙo muku, in an samu, tsofaffin nan ne da aka rubuta kafin a haifi iyayenmu.

Tsofaffin ma ba su tsira ba. A 2013 duniya ta ji cewa an gano kashi tara na wasan Doctor Who da suka ɓace, a wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos. BBC ta goge nata kwafin tun shekaru da dama don ta sake amfani da kaset, sai wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya biyo sawunsu har Filato. An gyara su, an sayar, masoyansu sun yi murna. Turawa sun zo har ƙasarmu sun ɗauki dodonsu sun mayar gida. Namu fa? Kaset abu ne mai rai ƙayyadadde. Zafi da laima suna cin maganin da ke jikin zaren, har ya manne ko ya yi fumfuna, injinan da ke karanta shi kuma sun ƙare, domin kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta gida ya daina a 2016. Abin da muke tsinta a YouTube na tsofaffin wasannin Arewa gutsattsari ne, dusu-dusu, galibi daga kaset ɗin da wani ya ɗauka a gida ya adana don kansa.

Littattafan kuma suna yawo a WhatsApp a matsayin hotunan shafuka, wasu a karkace, wasu da inuwar yatsa. Mu da muke aikin manhaja mun san bambancin hoton shafi da rubutun da kwamfuta ke iya karantawa. Hoto ba a bincika kalma a cikinsa, ba a ƙara masa girma ya zauna daidai a fuskar waya, na'ura ba ta karanta wa makaho shi. In kuma aka ba manhajar da ba ta san Hausa ba ta juya shi, sai ta cinye ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda a shekarun 1930 aka sha fama kafin a tsayar da su, ƙasa ta koma kasa, ɓari ya koma bari. Gyaran wannan aikin hannu ne, shafi bayan shafi, kuma ba a yin sa a ɓoye. Imam ya rasu a 1981, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya kuma tana kare aikin marubuci shekara 70 bayan rasuwarsa, wato har 2051. Dole a zauna da iyalai da kamfanin da ke riƙe da haƙƙin, a yi yarjejeniya, a biya.

Duk abin da wannan aiki ke bukata yana cikin tazarar da ɗan acaɓa zai yi a rabin awa. Gidan Gaskiya na Tudun Wada, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da sashen harsunan Afirka da na wasan kwaikwayo suna Samaru, matasa masu iya kwamfuta sun cika Kongo da Sabon Gari, Kaduna kuma da ɗakunan ajiyarta na nan kusa. Mutanen da suka yi wasannin suna ta tafiya: Ƙasimu Yero ya tafi, Usman Baba Pategi, Samanja, ya bi shi a 2023. Waɗanda suka riƙe kyamara da waɗanda suka san wane kaset ne a wane kwali, su ma shekaru sun ja. Bege a dandalin sada zumunta, da sa hoton bangon Iliya ana cewa wa ya tuna, ba zai ceci zare ko ɗaya ba. East da Imam ba su tarar da masu karatu suna jira ba, littafin suka fara yi, masu karatu suka biyo baya. Abin da ya rage mana shi ne mu kwashe na da kafin ya ruɓe, mu kuma zauna mu rubuta wa ɗan shekara tara na Hayin Dogo sabon abin da zai hana shi fita fitsari shi kaɗai da dare, cikin harshen da yake mafarki da shi.